ZIYARA ZUWA ORENBURG, BIRNIN FATAKE A BAKIN IYAKAR RASHA

A wannan mako za mu jingine mas'alolin ciniki da rabon gado da muka saba warwarewa a wannan fili, mu ba ku labarin wani birni da Allah Ya nufe mu da ziyarta a ƙasar Rasha, ana ce da shi Orenburg. Mun ga ya dace mu kawo shi nan, gama tarihinsa ya shafi mai rumfa a kasuwar Talata Mafara, ya kuma shafi mai ɗaukar albashi a sakatariya.

Zumunci ne ya kai mu. Sa'ad da mu ke karatu a Azhar, Tarayyar Sobiyet ta wargaje a ƙarshen 1991, sai ga samarin ƙasar suna ta kwararowa Alƙahira neman ilmin da aka hana iyayensu shekara saba'in. Ɗaya daga cikinsu, ɗan ƙabilar Tatar, ya zama abokin ɗakinmu. Ya zo ba shi da kome sai Fatiha da 'yan gajerun surori da ya koya wurin kakarsa, ya bar Misra yana gyara mana i'irabi. Shekara talatin yana kiranmu muna cewa sai baɗi, sai a watan Yuni na 2024, mako guda bayan Babbar Salla, muka amsa. Muka tashi daga Kano, muka bi ta Alƙahira zuwa Mosko, daga nan kuma muka nausa kudu maso gabas, kusan kilomita 1,500, tafiyar awa biyu da 'yan kai a jirgin sama.

Garin yana zaune a fili fetal, ba dutse ba kurmi, sai ciyawa iyakar ganin ido. Mutanensa sun haura rabin miliyan, galibinsu Rashawa ne Kirista, amma akwai Musulmi masu yawa daga ƙabilun Tatar da Kazak da Bashkir. Tsakaninsa da iyakar Kazakistan bai kai kilomita 100 ba. Kogin Ural ya bi ta gindinsa, kuma mutanen garin sun ɗauke shi a matsayin iyakar nahiyoyi biyu: akwai wata gada ta masu tafiya a ƙasa wadda aka kafa wa alama, wannan gaɓa Turai, waccan Asiya. Mun haye mun dawo cikin minti goma. A idonmu kogin bai fi gulbin Sakkwato ba in ya cika a Bakura tsakiyar damina, har muka faɗa wa mai masaukinmu haka. Sai ya nuna mana zanen laka a jikin itatuwa, sama da tsawon mutum. A watan Afrilu na shekarar, ƙanƙara ta narke gaba ɗaya, wani shingen ruwa ya ɓalle a garin Orsk, ruwa ya haura mita 11 a Orenburg, dubban gidaje suka nutse. Duk wanda ya taɓa noma a fadamar da ke ƙarƙashin madatsar Bakolori ya san fargabar da a ke kwana da ita in aka ce ruwa na tafe, saboda haka muka janye maganarmu.

Asalin garin ba abin alfahari ba ne ga Musulmi, kuma ba za mu ɓoye wannan ba. A 1731 wani sarkin Kazak makiyaya, Abul Hairi, ya yi mubaya'a ga Rasha, ya nemi a gina masa gari a inda kogin Or ya haɗu da babban kogi. Aka sa harsashi a 1735, wurin bai yi ba, aka ɗaga a 1741, nan ma bai yi ba, sai a 1743 aka tsaya a inda ya ke yau. Garin ya yi ƙaura sau biyu ɗauke da sunansa, ya bar kogin Or ɗin can gabas, tafiyar fiye da kilomita 200. Bashkir, waɗanda a ƙasarsu a ke wannan gini, sun gane abin da ya ke nufi, suka yi tawaye daga 1735 zuwa 1740, aka murƙushe su da zubar da jini mai yawa. Watau sansani ne aka kafa don a tsare iyaka, a raba tsakanin ƙabilun Musulmi, a kuma buɗe hanyar ciniki zuwa Buhara da Indiya.

To, wannan buƙata ta ƙarshe ita ce ta juya al'amarin. A shekarun nan ne, zamanin Sarauniya Elizabet, aka fitar da dokar 1742 wadda a ƙarƙashinta aka rushe masallatai 418 cikin 536 na gundumar Kazan. Amma hukumar da ta ke rushe masallatai a Kazan ita ce ta ke lallashin fataken Kazan su zo bakin iyaka, domin Kirista ba ya iya kutsawa kasuwannin Buhara da Hiwa yadda Musulmi mai jin harshen Turkawa zai kutsa. A 1744 aka yarje wa wani attajiri, Sa'idu Hayalin, ya zo da iyalai har 200 su kafa garinsu a bakin kogin Sakmara, kimanin kilomita 20 arewa da Orenburg, aka kuma yarje musu gina masallaci. Garin shi ne Kargala, yana nan har yau, mun je mun yi Azahar a cikinsa. Kafin juyin mulkin 1917 masallatansa sun kai goma, makarantunsa kuwa har daga cikin makiyayan Kazak a ke turo musu almajirai. Duba ikon Allah: abin da roƙo bai samar ba, buƙatar ciniki ta samar.

Kasuwar kanta a hayin kogi aka gina ta, ɓangaren Asiya, da ganuwa kewaye da ita, sunanta da harshensu yana nufin Kasuwar Musaya, gama yawancin cinikin na ba ni gishiri in ba ka manda ne. Da bazara ayarin raƙuma ya kan iso daga Buhara da Tashkent da auduga da zare da fatun 'yan raguna da busassun 'ya'yan itace. Kazak su koro tumaki da dawaki. Rashawa su fito da yadi da tukwanen ƙarfe da hatsi da sukari. Tatar ne dillalai, su ne tafintoci, su ne masu masauki. Wanda ya ji labarin ayarin Azbin da na Gwanja a bakin kakanninsa ba ya bukatar a yi masa dogon bayani. Abin da ya kashe wancan ma shi ya kashe wannan: dogo ya iso Orenburg a 1877, ya zarce Tashkent a 1906, raƙumi ya rasa aiki, kamar yadda ya rasa a nan bayan dogo ya iso Kano a 1911 da Ƙauran Namoda a 1929.

Daga 1773 zuwa 1774 wani ɗan tawaye, Pugachev, ya yi wa garin ƙawanya kusan wata shida, yunwa ta ci mutane, Bashkir da yawa kuma suna cikin rundunarsa. Da aka gama da shi, Sarauniya Katarina ta Biyu ta yi fushi har da kogin da tawayen ya taso daga bakinsa: da Yayik a ke kiransa, a 1775 ta sa aka mai da shi Ural don a manta. Amma mace ce mai wayo. Ta lura cewa tsananta wa Musulmi ya fi tsada bisa ga jawo su a jiki. Tun a 1773 ta sassauta dokar gina masallatai, a 1788 kuwa ta yi abin da ba a taɓa yi ba a ƙasar: ta kafa wa Musulmi majalisar malamai ta hukuma, wadda aka sani da Majalisar Orenburg, ko da ya ke yawancin zamanta a birnin Ufa ta yi shi. Aka naɗa mufti, Muhammadjan Husaini, da albashin rubul 1,500 a shekara, aka ba shi alƙalai mataimaka. Daga nan duk mai son limanci sai ya zo an jarraba shi, in ya ci a ba shi takardar hukuma. Daga 1828 aka ɗora wa limamai riƙe littafin rajistar haihuwa da mutuwa da aure da saki.

A nan muka tsayar da mai masaukinmu, muka ce, "Hazrat," gama haka su ke kiran malami, "ka san abin da ya ke faruwa a ƙasarmu a wannan shekara?" Wajen 1788 ko 1789 ne Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, yana cikin shekarun wa'azinsa a ƙasar Zamfara, yana zaune a Faru ta ƙasar Maradun, Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malamai a Magami ranar Idi ya raba musu kyauta. Shehu ya ƙi karɓar dukiyar, ya nemi abubuwa biyar a madadinta: a bar shi ya kira mutane zuwa ga Allah, kada a hana kowa amsa kiran, a girmama mai rawani, a saki fursunoni, a sauƙaƙa wa talakawa haraji. Tambaya guda ce aka yi wa malamai a ƙasashe biyu masu nisa a lokaci ɗaya, aka sami amsa biyu.

Kada mai karatu ya yi saurin yanke hukunci. Mutanen Orenburg ba su da abin da Shehu ya ke da shi; 'yan tsiraru ne a ƙarƙashin daular da ta gwada musu ƙarfinta sau da yawa. Kuma majalisar ta yi amfani: masallatai sun yawaita, aure da gado sun tsaya a hannun malamai, rajistar da limamai suka riƙe ita ce jikokinsu su ke neman asalinsu a ciki yau. Amma kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. Sarki ke naɗa mufti, gwamna na iya karɓe takardar liman, ana yi wa sarki da iyalinsa addu'a a masallaci bisa umurni. Akwai malaman da suka ƙi wannan tsari, shahararre a cikinsu shi ne Abdurrahim Utiz Imani, sa'an Shehu a shekaru, wanda ya rasu a 1834, ya yi ta sukan malaman takarda. Mu dai abin da muka fahimta shi ne, ofis yana iya tsare addini daga rushewa, amma da wuya ya ciyar da ilmi gaba, domin ofis ba ya son abin da bai saba ba.

Mafi kyawun ginin Musulmi a garin ana kiransa Karawan Sarai, watau zangon ayari, ko da ya ke ba fatake aka gina wa ba. An gina shi daga 1837 zuwa 1846 don ofisoshin rundunar Bashkir, da kuɗin da aka tara daga Bashkir ɗin kansu. A tsakiyar farfajiyarsa akwai masallaci mai kusurwa takwas, an siffanta shi da tantin makiyaya, ga hasumiya siririya a gefe, tsawonta ya kusa mita 40. Da aka soke rundunar a 1865 sai gwamna ya shige ginin da ofisoshinsa, masu shi suna kallo. A nan Bashkir suka yi babban taronsu na farko a 1917. A zamanin Kwaminisanci aka rufe masallacin, daga bisani aka mai da shi ɗakin nuna wa yara taurari, sai bayan rushewar Sobiyet aka mayar wa masu salla.

A nan muka yi Magariba wajen ƙarfe goma saura kwata na dare, muka kuma ga da idonmu mas'alar da muka daɗe muna karantawa a littattafai. A ƙarshen Yuni a wannan yanki hasken shafaƙi ba ya gushewa sarai. Kafin farin ya ɓace a yamma, alfijir ya fara alama. A wurinmu Malikawa, da zarar jan shafaƙi ya ɓace Isha ta shiga, amma su Hanafawa ne, kuma Imamu Abu Hanifa farin ya ke dubawa. Saboda haka tun da daɗewa waɗansu malamansu suka ce Isha ta faɗi a waɗannan darare tun da lokacinta bai shigo ba, har Shihabuddin Marjani na Kazan ya wallafa littafinsa Nazuratul Haƙƙi a 1870, ya tabbatar da cewa wajibcinta na nan, sai dai a ƙaddara mata lokaci. A kan haka su ke yau. Bayan salla aka kawo mana busasshen naman doki, wanda su ke girmama baƙo da shi. Muka ba da hanzarin mazhabarmu, aka yi dariya, aka ƙaro mana shayi da zuma.

Kashegari muka je inda zuciyarmu ta fi karkata, makarantar Husainiyya. Wasu 'yan'uwa uku ne 'yan Kargala, Ahmad da Abdulgani da Mahmud, 'ya'yan gidan Husainov, suka taso cikin talauci, suka fara da ƙananan saye da sayarwa, Allah Ya buɗa musu a fataucin fatu da ulu da dabbobi har suka zama manyan attajirai. Babu malami a cikinsu. Wajen 1890 suka kafa wannan makaranta, suka gina mata masallaci a 1892, suka bi sabon tsarin koyarwa da Isma'il Gasprinski na Kirimiya ya fito da shi: aji aji, da allo da benci da jarrabawa. Ana karanta Alƙur'ani da tafsiri da hadisi da fiƙihu da Larabci, ana kuma karanta Rashanci da lissafi da labarin ƙasa da tarihi da kimiyya, har da yadda a ke riƙe littafin ciniki. Attajiran sun san abin da ya ke damunsu: ɗan Musulmi ya sauke littattafai amma ba ya iya karanta takardar kwastan, wanda ya iya karanta ta kuwa ba ya iya alwala. Da Ahmad ya rasu a 1906 ya bar waƙafi na kusan rubul 500,000 don makarantu da ɗaukar nauyin ɗalibai. Wannan shi ne wurin da mu ke so 'yan kasuwarmu su dakata a kai. Bai bar abin ga alherin magada ba, ya rubuta shi, ya sa masa masu kula.

Ba su kaɗai ba ne. Wasu 'yan'uwa biyu, Shakir da Zakir Ramiyev, masu ramukan haƙar zinariya, suka sa dukiyarsu a maɗaba'a. Suka fitar da jaridar Waƙt a 1906 da mujallar Shura a 1908, duka da harshen Tatar cikin baƙaƙen Larabci, ajaminsu ke nan, ana karanta su daga Kazan har Turkistan. Ba mu iya hana kanmu tunanin zinariyar Maradun da Anka ba, wadda mun ga kaburburan da ta haifar, ba mu ga ɗakin karatun da ta gina ba tukuna. Kuma kada a zaci kowa ya yarda da sabon tsarin. A cikin garin nan ne a ke buga mujallar Din wa Ma'ishat, ta malaman tsohon tsari, masu ganin benci da labarin ƙasa ƙofar fita addini ne. Rigimar da muka sha a nan tsakanin zaure da Islamiyya, sun sha ta gabanmu, har da kai ƙarar juna wurin hukuma, abin da ya fi kome muni a cikin labarin.

Wanda ya shugabanci Shura shi ne Rida'uddin ɗan Fahruddin, kuma ma'aikatan gwamnati za su so jin labarinsa. Alƙali ne a majalisar nan ta hukuma, ya shekara goma sha biyar yana aiki, ya tsara tarin takardunta da aka yi watsi da su, daga cikinsu ya fitar da littafinsa Asar a kan tarihin malaman ƙasar. A 1906 ya ajiye aikin ya koma Orenburg ya riƙe mujallar 'yan kasuwa. Da guguwar 1917 ta zo ta wuce da attajiran da maɗaba'arsu, ya koma ofis, ya zama mufti a 1922, a lokacin da muƙamin ba shi da kome sai hatsari. Shi ya jagoranci wakilan Musulmin Sobiyet zuwa taron Makka na 1926. Da aka nemi ya sa hannu a takardar da za a nuna wa duniya cewa addini na da 'yanci a ƙasar, alhali ana rufe masallatai ana kama limamai, ya ƙi. Ya rasu a Ufa a 1936 cikin ƙunci. Mutum guda ya ci albashin hukuma, ya ci na attajirai, bai sayar da alƙalaminsa ga ko ɗaya ba.

Sauran labarin gajere ne, mai ɗaci. An ƙwace waƙafin Ahmad, an rufe Husainiyya a matsayin makarantar addini wajen 1919. Garin ya zama hedkwatar jamhuriyar Kazak daga 1920 zuwa 1925, sa'an nan aka cire shi daga cikinta. Daga 1938 zuwa 1957 ko sunansa ma an sauya, ana ce da shi Chkalov. An raba Tatar da baƙaƙen Larabci a ƙarshen shekarun 1920, aka ba su na Latin, a 1939 aka sake ba su na Rashanci, har ya zama jika ba ya iya karanta abin da aka rubuta a kan kabarin kakansa. Iyakar da ta ke ta cikin gida ta zama ta ƙasa da ƙasa a 1991, dangi suka wayi gari suna nuna takarda kafin su gaisa. Bayan wannan shekara aka mayar da masallacin Husainiyya, aka kuma farfaɗo da makaranta da sunanta, ƙarama ce in an gwada da ta da.

Daren da za mu taso muka tambayi mai masaukinmu, tun da ofis ya durƙushe, waƙafi ya salwanta, ina kakarsa ta sami surorin da ta koya masa? Ya tashi ya buɗe wani tsohon akwati, ya fito da ɗan littafin koyon salla wanda aka buga a Orenburg kafin juyin mulki, gefunansa sun cinye. Ya ce tana yarinya ta yi shekara uku a makarantar 'yan mata a Kargala, irin waɗanda matan limamai su ke koyarwa attajirai suna biya, kwatankwacin aikin 'Yan Taru na Nana Asma'u a wurinmu. Shekara sittin littafin yana ɓoye a ƙarƙashin tufafi. Da shi ta ke wanke mamatan unguwa, da shi ta ke raɗa wa jarirai suna, da shi ta zaunar da jikanta bayan an rufe ƙofa an sauke labule. Muka karɓa muka duba, muka iya karanta baƙaƙen duka, ba mu fahimci kome ba sai kalmomin Larabci da su ke tsakani: farilla, sunna, mustahabbi.

Da safe matarsa ta ba mu tsarabar uwargida, mayafin gashin awaki wanda garin ya shahara da saƙa shi, mai laushin da a ke iya zare shi ta cikin zobe. Muka ce mata a Mafara ba zai yi aiki ba sai in hunturu ya kama, daga Disamba zuwa Janairu. Ta tambayi iyakar sanyinmu, muka faɗa mata, ta dubi mijinta ta ce wannan ai ranar shanya ce a wurinsu.